Jiga a Bargar Darren Weir: Yadda Aka Jona wa Dawaki Uku Lantarki a Warrnambool

Da sanyin safiyar Laraba, 30 ga Janairu, 2019, 'yan sandan jihar Victoria ta Ostareliya da jami'an hukumar sukuwa ta jihar suka dira gidajen dawakin Darren Weir, a kusa da Ballarat da kuma yankin Warrnambool da ke bakin teku. Abin da ya kai su ko aljihun riga ba zai cika ba. Wasu 'yan na'urori ne huɗu masu aiki da batir, waɗanda 'yan sukuwar ƙasar ke kira jiga. Uku daga ciki a ɗakin kwanan Weir aka same su. Kwana bakwai bayan haka, mutumin da babu na biyunsa a horar da dawakin sukuwa a duk faɗin ƙasar ya rasa lasisinsa na shekara huɗu.

Wane ne Weir

Ɗan ƙauye ne daga Berriwillock, a yankin Mallee mai noman alkama. Da gyaran kofato da koya wa dukushi ɗaukar sirdi ya fara cin abinci. Ya karɓi lasisin horarwa a 1995 a garin Stawell, daga baya ya koma Ballarat. Wato ba baƙon doki ba ne, ba kuma irin attajirin nan da ke sayen barga ya bar wa yara ba. Da hannunsa ya san doki.

Sunansa ya zagaya duniya ranar 3 ga Nuwamba, 2015, lokacin da dokinsa Prince of Penzance ya ci Kofin Melbourne, sukuwar mita 3,200 da ake yi a filin Flemington kowace Talatar farko ta Nuwamba, wadda aka fara a 1861. 'Yan caca ba su ɗauki dokin a bakin komai ba, wanda ya zuba dala ɗaya a kansa sai da ya kwashi ɗari. Mahayiyarsa, Michelle Payne, ita ce mace ta farko da ta taɓa cin kofin. Daga nan masu dawaki suka yi ta tururuwa zuwa ƙofar Weir. A kakar 2016 zuwa 2017 dawakinsa sun ci sukuwa 449, a kakar da ta biyo baya suka ci 491, abin da wani mai horarwa bai taɓa yi ba a ƙasar. Dawakin da ke ƙarƙashin sunansa sun kai ɗaruruwa, ma'aikatansa sun haura ɗari.

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa jama'a kai. Mutumin da ke cin sukuwa kusan kullum, me zai yi da jiga?

Abin da jiga take yi

Jiga 'yar na'ura ce da tafin hannu ke rufewa, da batir a ciki da ƙarafuna biyu a baki. In aka danna ta a jikin doki sai wuta ta ja shi. Ba ta fasa fata, ba ta fitar da jini, bayan minti ɗaya ko likitan dabbobi ya duba wurin ba zai ga komai ba. Gwajin jini da na fitsari da ake yi wa dawakin sukuwa ƙwaya suke nema, ba su da abin da za su ce game da lantarki.

A nan ne lantarki ya bambanta da kayan azabar da muka sani. A bargarmu ta gida, in yaro ya matsa wa doki da kaimi ko ya yaga masa baki da linzami, da maigida ya zo dubiya da yamma zai ga jini a haƙarƙari ko a leɓe, ya tambayi wanda ya hau. Tabon shi ne shaidar dokin, tunda ba shi da bakin kai ƙara. Lantarki kuwa yana ƙwace masa har wannan shaidar.

Akwai mahayan da aka kama sun ɓoye irin wannan na'ura a hannu a tsakiyar sukuwa, amma hanya ce mai haɗari, domin idanu da kyamarori sun yi yawa a fili. Dabarar da ta fi wuyar kamawa a gida ake yin ta. Sai a ɗaura wa doki makarin ido, wato hular nan da ke tare masa gefen idanu don kada ya riƙa waige, a riƙa dukansa da wani abu mai kama da bulala, a lokaci guda ana jona masa wuta. Abin da ake so shi ne ya haɗa ukun a kansa. Ranar sukuwa babu jiga a fili, amma akwai makarin ido, akwai bulalar mahayi. Da ya ji su sai ya tuna abin da ke biyo baya, ya zabura. Ba gudu ake koya masa ba, tsoro ake ajiyewa a jikinsa don a zo a ɗauka ranar buƙata.

Saboda wannan ne dokokin sukuwar Ostareliya suka haramta ko da ajiye na'urar, ba sai an kama mutum yana amfani da ita ba. A kan ajiyewar aka fara hukunta Weir. Ranar 6 ga Fabrairu, 2019, kwamitin ladabtarwa na sukuwa, ƙarƙashin Mai Shari'a John Bowman, ya dakatar da shi shekara huɗu bisa laifin mallakar jiga uku da kuma zubar da mutuncin sukuwa. Bai yi jayayya da tuhumar ba, bai kuma yi wa kowa bayanin abin da na'urorin ke yi a ɗakinsa ba. Cikin 'yan kwanaki aka watse da dawakin. Ciaron Maher da David Eustace suka karɓi bargar Ballarat. Wasu dawakin suka tafi Sydney wurin Chris Waller, cikinsu har da goɗiyar nan Verry Elleegant, wadda ta zo ta ci Kofin Melbourne a 2021.

A lokacin, magoya bayansa na cewa ai ajiyewa kawai aka gani. Ba su san abin da ke hannun 'yan sanda ba.

Ranar 30 ga Oktoba, 2018

Wata uku kafin samamen, 'yan sanda sun riga sun dasa kyamara a ɓoye a bargar Warrnambool, a inda injin gudu yake. Injin gudu na dawaki babban bel ne mai juyawa a ƙasa, da shinge hagu da dama. Doki yana hawa, a kunna, bel ɗin ya riƙa tafiya ƙarƙashin kofatansa, shi kuma dole ya yi ta gudu a wuri ɗaya. Kayan aiki ne na halal, manyan masu horarwa da asibitocin dabbobi duk suna da shi.

Ranar 30 ga Oktoba, 2018, saura mako ɗaya a yi Kofin Melbourne, kyamarar ta ɗauki Weir da mataimakinsa Jarrod McLean da wani ma'aikacin barga. An hau da dawaki uku kan injin ɗaya bayan ɗaya: Red Cardinal da Yogi da Tosen Basil. Ana ɗaura musu makarin ido, McLean na dukansu da bututun roba, Weir na danna musu jiga. Bisa abin da aka karanta a kotu, sau 25 aka jona wa dawakin uku wuta a wannan zama.

Ya kamata a tsaya a kan wannan hoton, domin a cikinsa duk matsalar take. Duk wani horo na doki da aka sani, tun daga ja da ragama har zuwa matsa ƙafa a ciki, ginshiƙinsa ɗaya ne: ka matsa, ya yi abin da kake so, ka saki. Sakin shi ne darasin. Doki yana gane cewa akwai abin da in ya yi, matsin zai gushe, kuma ta haka yake samun natsuwa da mahayinsa, don ya san mafita. To dokin da ke kan injin gudu ina mafitarsa? Gudun da ake nema yana cikin yin sa. Ba zai iya ƙarawa ba, domin injin ne ke yanke saurin. Ba zai iya tsayawa ba, bel zai kwashe masa ƙafafu. Hagu shinge, dama shinge, an kuma tare masa gefen ido, ba ya ganin hannun da ke zuwa. Babu wani abu da zai yi wutar ta daina. Dabbar da Allah ya halitta da gudu a matsayin maganin kowane tsoro, an sa ta tana gudun, abin tsoron kuma yana nan manne da ita.

Kuma abin bai yi amfani ba. Yogi ya shiga sukuwar Lexus ranar Asabar ɗin da ta biyo baya, wadda mai cin ta ke samun gurbi a Kofin, bai ci ba. Red Cardinal ya shiga Kofin ranar 6 ga Nuwamba, shi ya zo na ƙarshe cikin dawaki 23 da suka kai layi. Cross Counter na bargar Godolphin ne ya ci. Ba a fafe gora ranar tafiya, dokin da ƙarfinsa bai kai mita 3,200 ba, tsoro ba zai ƙara masa huhu a mako guda ba. Na kawo wannan ne ba don in ce da sun ci da abin ya halatta ba. Sai don masu kare irin waɗannan na'urori kullum hujjarsu ita ce suna aiki.

Gaban kotu

A Oktoban 2019 'yan sanda suka gurfanar da su bisa zaluntar dabba da haɗa baki don yaudarar jami'an sukuwa. Shari'ar ta ja, har da jinkirin annobar korona. A ƙarshe masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar haɗa bakin. A Disambar 2022, a kotun majistare ta Warrnambool, Weir ya amsa laifuka uku na zaluntar dabba, ɗaya kan kowane doki, aka kuma nuna bidiyon a zauren kotu. Majistare Franz Holzer ya ci shi tarar dalar Ostareliya 36,000, ba tare da an rubuta masa laifin a kundin masu laifi ba. McLean ma tarar da aka ci shi ke nan. An umurci ma'aikacin bargar ya ba ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA gudummawar dala 10,000.

Ga mutumin da dawakinsa suka ci kyautar sama da dala miliyan 30 a kaka ɗaya, wannan tara ba ta kai a kira ta hukunci ba. Masu kare shi sun ce ai ya riga ya rasa sana'arsa da sunansa, kuma gaskiya ne ya rasa. Amma hukumar sukuwa ce ta ƙwace waɗannan, don kare kasuwarta. Abin da dokar ƙasa ta ɗora a kan azabar kowane doki shi ne dala 12,000.

Ba Weir kaɗai ba ne, kuma akwai abin da ya haɗa shi da wasu da aka kama. A 2015 an dakatar da mahayi Roman Chapa shekara biyar a jihar Texas ta Amurka, bayan hoton da mai ɗaukar hoton filin ya ɗauka ya nuna na'urar a tafin hannunsa. A Afrilun 2021 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta dakatar da Ba'amurke Andrew Kocher, ɗan wasan tsallake shinge, har shekara goma saboda kaimi mai lantarki, hotuna da bidiyo ne kuma suka tona shi. Babu ɗaya da aka gano ta hanyar duba jikin doki. Ko yaushe sai kyamara ta yi sa'a.

Abin wuya mai lantarki da dokin da ke cizo

Mai karatu zai iya cewa wannan zancen masu cuwa-cuwar sukuwa ne, ina ruwan mai doki ɗaya da ingarmansa ya addabe shi da cizo da harbi? Ruwansa shi ne, irin wannan wutar ce ake sayar masa a wata siffa. Abin wuya ne da ake ɗaura wa doki, da ƙarafuna masu taɓa fata, mai shi na riƙe da rimot daga nesa. Da doki ya kai wa ɗan'uwansa cizo ko ya juya zai yi harbi, sai a danna. Abin da masu tallarsa suka fi yabawa shi ne wai dokin ba zai san kai ne ba. Su a ganinsu falala ce. Ni a ganina aibin ke nan, kuma shi ne aibin jiga: azaba ce wadda ba a san daga inda ta fito ba.

Doki ba ya karanta niyyar mai rimot. Abin da ke gabansa a daidai lokacin da ya ji zafi, shi yake ɗora wa laifi. Weir ma a kan wannan ɗabi'ar ya dogara, shi ya sa ya kawo makarin ido. To ingarman da ya kai wa wani doki baki, wuta ta ja shi a wuya, me ke gabansa? Wancan dokin. Yana iya ja da baya, ana kuma samun haka, ba na musu. Yana kuma iya ɗauka cewa abokin faɗan ne ya rama, ya ƙara ƙaimi, ko ya ƙulla gaba da shi ta dindindin. In yaro ne ke wucewa da bokitin dusa a lokacin, yaron ya shiga lissafi. Sannan tazarar da dabba ke iya haɗa aiki da sakamakonsa ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba, cizon doki kuwa kafin ƙiftawar ido ya gama. Mai rimot da ke tsaye can nesa sau da yawa sai dokin ya riga ya saki sannan yatsansa ke sauka, ya zama ya hukunta sakin.

Akwai wata illa da ta fi wannan. Doki ba ya cizo sai ya yi gargaɗi: ya kwantar da kunnuwa, ya murtuke hanci, ya kaɗa wutsiya, ya juyo da gindi. Mai rimot da ke son riga cizon zai riƙa dannawa ne a kan waɗannan alamu. Abin da dokin zai koya shi ne ya daina gargaɗi. Fushin yana nan, sanarwar ce ta tafi. Duk wanda ya yi aikin barga ya san dokin da ke kwantar da kunne ya fi wanda ke kai hari shiru sauƙin zama.

Za a ce ai shingen waya mai lantarki ma wuta ne, kuma ana kiwon dawaki a cikinsa a Turai da Ostareliya ba mai cewa uffan. Haka ne. Sai dai wayar tana wuri ɗaya dare da rana, doki yana ganinta, ya taɓa sau ɗaya ko biyu ya gane, daga nan zaɓi na hannunsa. Wani bincike da aka yi a kan karnuka a Hannover ta Jamus, aka wallafa a 2007, ya nuna wannan bambanci ƙarara: karnukan da suka iya gane abin da ke jawo musu wutar, sinadarin damuwa bai tashi sosai a jikinsu ba, waɗanda kuwa ake ja musu ita ba tare da sun san dalili ba, nasu ya yi sama. Wani binciken na Jami'ar Lincoln a Ingila, a 2014, bai ga abin wuyan ya fi horo da lada amfani ba ko a hannun ƙwararru. Yankin Wales ya haramta shi ga karnuka da kyanwoyi tun 2010. Wannan a kan kare ke nan, balle doki mai nauyin kilo ɗari huɗu ko biyar, wanda firgitarsa kaɗai kan sa ya faɗa wa shinge ko ya bi ta kan mutum.

Sannan faɗan doki yawanci alama ce ta wani abu. Cikinsa an yi shi ne don kiwo na sa'o'i goma sha a rana, yana fitar da ruwan tsami ko da abinci ko babu. In aka ɗaure shi a turke ana ba shi hatsi sau biyu, ciyawa kaɗan, gyambon ciki na kama shi, kuma bincike ya sha nuna cewa mafi yawan dawakin sukuwa da ke cikin horo suna da shi. Irin wannan doki shi ne ke kai cizo in an zo ɗaure masa majayi. Ciwon baya daga sirdin da bai zauna ba, haƙori mai kaifi da ke yankar kunci, duk suna sa haka. Goɗiyar da ta rikiɗe tana faɗa tana hawan 'yan'uwanta kamar ingarma, sau da yawa ƙari ne a ƙwanta ke fitar da sinadarin maza, in an yi aiki an cire sai ta dawo daidai. Wani kuma matsin wuri ne da rabon abinci a akushi ɗaya, in an raba wurin ci faɗan ya mutu. Ingarman da ba za a yi kiwo da shi ba, dandaƙa ta fi rage masa zafi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar a kira likitan dabbobi, a kashe kuɗi, a jira. Rimot kuwa dannawa ɗaya ce, kuma ba wanda zai ga tabo. Wannan sauƙin ne ke sayar da shi.

Hukunci na biyu

Dakatarwar farko ta ƙare a Fabrairun 2023. Weir bai koma fili ba, ya ci gaba da aikin share fagen horo a gonarsa da ke Baringhup, inda manyan masu horarwa ke aiko masa da dawaki, abin da ke nuna cewa da yawa a cikin harkar ba su ɗauki laifin da girma ba. Amma da bidiyon ya fito a kotu, hukumar sukuwa ta samu abin da ba ta da shi a 2019, wato shaidar amfani. A Satumbar 2023 ta shigar da sababbin tuhume-tuhume a gaban kotun sukuwa ta jihar.

Weir ya amsa amfani da jiga da zaluntar dawakin, ya musanta cewa ya yi ne don murɗe sakamakon sukuwa. Kotun ta wanke shi daga wannan tuhuma ta murɗiya. A Satumbar 2024 ta dakatar da shi ƙarin shekara biyu, McLean wata 18, ma'aikacin bargar wata shida. Lissafin ya fito a karkace: shekara huɗu kan ajiye na'urar a ɗaki, shekara biyu kan danna ta a jikin doki sau 25. An yanke wa'adin ne zuwa Satumbar 2026, kuma cikarsa ba ta mayar masa da lasisi. Sai ya sake nema, hukumar ta duba ko ya cancanta.